Suna kirana kasa a gida, ga shi an sa ranar aurena

Assalamu alaikum Inna. Ni budurwa ce 'yar shekara 23, a nan cikin garin Sakkwato nike, ina koyarwa a wata makarantar firamare. Tun ina aji uku na sakandare barci ya zame mini ciwo. Ko na kwana lafiya lau, kafin hantsi angaje ya kama ni, a aji, a islamiyya, a bayan kabu-kabu, har cikin tahiya. Bara barci ya ɗauke ni a gindin murhu, mai ya ƙone mini hannu. Abin da ya fi ba ni tsoro, in aka ba ni dariya sosai sai gwiwoyina su sake, wuyana ya langaɓe, wani lokaci in zube ƙasa, ina jin duk abin da ake faɗi amma ban iya motsi. Da dare kuma dannau, har in ga kamar mutum tsaye bakin ƙofa. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, na sha rubutu, maganin maleriya da taifot kuwa ba adadi. A gida kasa suke kirana. Yanzu an sa ranar aurena bayan Babbar Sallah, Gwaggona ta ce kada in kuskura in gaya wa wanda zan aura, wai aure na maganin irin wannan. Inna, mi ke damuna? Kuma in faɗa mishi ko in yi shiru?

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne.

Na karanta wasiƙarki sau uku, kuma wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sunan nan da ake kiranki da shi. Shekara takwas ko tara kenan kina amsa sunan kasa a gidanku, kina ɗauka laifinki ne. Ki ajiye wannan nauyin tun daga yau. Mai son jiki ba ya barci a gindin mai mai tafasa, kuma ba ya barci a bayan babur a tsakiyar titi. Raggo yana zaɓen inda zai kwanta. Ke ba ki zaɓa, ɗaukar ki ake yi.

Ba a yanke hukuncin ciwo ta wasiƙa, sai likita ya zauna da ke. Amma abubuwa huɗun da kika lissafa, wato barcin rana da ba ya jin magiya, sakin jiki lokacin dariya, dannau, da ganin abubuwa a bakin barci, in suka haɗu a jikin mutum ɗaya, likitocin ƙwaƙwalwa sun san sunan abin. Nakolefsi suke kiransa. Wani likitan Faransa mai suna Gelineau ne ya raɗa masa wannan suna a 1880, bayan ya duba wani ɗan kasuwa a birnin Faris wanda ƙafafunsa ke sakewa in ya tuntsire da dariya ko ya hango ciniki mai riba. Kin ga ke nan fiye da shekara 140 da aka rubuta labarin wani mutum mai irin abin da ke samunki. Ana ƙiyasta cewa cikin mutum 2,000 akan sami kamar ɗaya mai shi, kuma galibi yakan fara ne tsakanin shekara 10 zuwa 30, musamman lokacin balaga, daidai lokacin da naki ya fara. Ko a ƙasashen da ke da asibitoci a kowace kusurwa, mutane kan yi shekara 8 zuwa 15 suna yawon neman magani kafin a gane abin da ke damunsu.

Bari in gaya miki yadda abin yake, don sanin sa kaɗai yana rage rabin tsoron. Can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan ƙwayoyin halitta, kimanin 70,000, masu fitar da wani sinadari da aka gano a 1998, ana ce masa oreksin. Aikinsa kamar na mai gadin ƙofa ne tsakanin farke da barci: in gari ya waye ya riƙe ƙofar kam, in dare ya yi ya sake ta. Masu nakolefsi mai haɗe da sakin jiki sun rasa mafi yawan waɗannan ƙwayoyi, kuma abin da masana suka fi rinjaya a kai shi ne garkuwar jikin mutum ce ke kai musu hari bisa kuskure. Da mai gadi ya tafi, ƙofa sai ta riƙa kaɗawa. Barci ya kutso da rana tsaka, farkawa ta kutso da tsakar dare. Shi ya sa da yawa daga cikinsu ba sa samun barcin dare mai daɗi, sai farkawa bini-bini, alhali mutane na ganin sun fi kowa barci.

Sauran kuma duk daga barcin mafarki suke fitowa. Kowane ɗan Adam in ya shiga matakin barcin da ake mafarki a ciki, Allah ya tsara jikinsa ya saki gaba ɗaya, don kada wanda ke mafarkin gudu ya tashi ya zura da gudu. Ga mai lafiya wannan mataki yakan zo ne bayan kamar awa ɗaya da rabi da kwanciya. Ga mai nakolefsi yakan zo cikin 'yan mintoci, kuma guntayensa kan ɓalle su shigo cikin farke. In mutum ya farka sakin jikin bai tafi ba, hankali ya dawo jiki bai dawo ba, shi ne dannau. In mafarkin ya zo ido na buɗe, shi ne mutumin da kike gani bakin ƙofa. In kuma sakin jikin ya zo da rana saboda dariya ko murna ko fushi ko razana, shi ne zubewar da kike yi, wadda likitoci ke kira katafileksi. Yakan ɗauki daƙiƙoƙi ne zuwa minti ɗaya ko biyu, numfashi na tafiya daidai, hankali na nan, sannan mutum ya miƙe garau.

Wannan na ƙarshen shi ne ya raba shi da farfaɗiya. Mai farfaɗiya in ya faɗi galibi hankalinsa kan gushe, jiki ya sandare ko ya yi ta fizga, ya tashi a gajiye bai san abin da ya faru ba. Ke kin ce kina jin duk abin da ake faɗi. Ki riƙe wannan jimlar, ita ce za ki fara gaya wa likita. Haka kuma ba shi ne ciwon barcin da kakanninmu suka sani ba, wanda ƙudan tsando ke kawowa. Wancan ƙwayar cuta ce ke shiga jini, da zazzaɓi da kumburin kaluluwa, kuma ba ya barin mutum shekara tara yana karatu har ya kai ga koyarwa a aji.

Game da iska da ruƙiyya, ban ga laifin iyayenki ba. Sun ga ɗiyarsu na zubewa, sun nemi taimako inda suka sani. Karatun Alƙur'ani da addu'a ki riƙe su har abada. Sai dai ki sani a jami'ar Stanford da ke Amurka an taɓa yin shekaru ana kiwon wasu karnuka masu wannan ciwo, waɗanda da an miƙa musu abinci mai daɗi murna ta kama su sai su zube, kuma a 1999 aka gano ainihin inda matsalar take a jikinsu, a hanyar wannan sinadari na oreksin. Ciwo ne na jiki, ana iya auna shi. Mu kuma 'yan garin nan ba baƙin neman magani ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin daula a kansa, ya zauna ya rubuta littattafai a kan magani, har da na ciwon ido da na basir. Zuwa asibiti bin sawunsu ne.

To ina za ki? Ki daina tsayawa kyamis. Ki nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ki ce likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kike son gani. Kafin ranar, ki sami ƙaramin littafi ki yi mako biyu kina rubuta lokacin da kika kwanta, sau nawa kika farka, sau nawa barci ya ɗauke ki da rana da abin da kike yi a lokacin, da duk zubewar da kika yi da abin da ya jawo ta. In akwai ƙanwarki da kika yarda da ita, ta ɗauki bidiyon zubewar a waya ko sau ɗaya ne, ki nuna wa likita kaɗai. Ki tafi da wanda ya saba ganin abin da idonsa. Likita zai so ya fara kawar da wasu abubuwan da su ma ke sa barcin rana: ƙarancin jini, ciwon suga, raunin ƙullin maƙogwaro da ke haddasa maƙoƙo, ciwon damuwa, da magunguna irin su Piriton da wasu na tari. Gwajin da ke tabbatar da nakolefsi shi ne a kwana da mutum a ɗakin gwaji da wayoyi a kansa, washegari kuma a ba shi damar kwanciya sau biyar, awa biyu tsakani. In a matsakaici barci na ɗauke shi cikin minti 8 ko ƙasa da haka, kuma ya faɗa barcin mafarki nan take aƙalla sau biyu, an samu hujja. Ɗakunan wannan gwaji kaɗan ne a ƙasar nan, yakan kai mutum Abuja ko Legas, kuma da tsada. Kada wannan ya karya miki gwiwa. Sakin jiki saboda dariya alama ce da kusan ba a samunta a wani ciwo, kuma likitan da ya san aikinsa zai ɗauke ta da muhimmanci.

Gaskiyar da ba zan ɓoye miki ba ita ce har yanzu ba a samo maganin da ke raba mutum da shi kwata-kwata ba. Ciwo ne na zama tare, kamar hawan jini. Amma ba ya cin ƙwaƙwalwa, ba ya rage basira, ba ya juyewa hauka, ba a ɗaukarsa a kwano ko a shimfiɗa. Akwai magungunan da ke riƙe mutum a farke da rana, irin su modafinil da methylphenidate. Akwai kuma masu rage zubewa da dannau, irin su venlafaxine da clomipramine. Waɗannan na biyun asalinsu na ciwon damuwa ne, don haka in kin ga an rubuta miki su, ko an tura ki ganin likita a asibitin ƙwaƙwalwa da ke Kware, kada ki ce an mai da ke mahaukaciya. Kuma in kin fara su kada ki yanke su rana ɗaya don kin ji sauƙi, zubewar kan dawo fiye da da. Abin da nake roƙonki da girman Allah, kada kowa ya ba ki tiramol ko wata ƙwaya a leda wai don ki wartsake. 'Ya'yan mutane da yawa ta wannan ƙofa suka shiga shaye-shaye, ba da niyyar lalacewa ba.

Rabin maganin ma ba a kwalba yake ba, a tsarin yininki yake. Abu mafi amfani ga mai nakolefsi shi ne ya riga barcin zuwa. Gajeren barci na minti 15 zuwa 20, sau biyu ko uku a yini, a lokutan da kika tsara da kanki, yakan ba ki awa ɗaya zuwa uku na wartsakewa. Mu da muka gaji ƙailula ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ki sami shugabar makarantarku da takardar likita, ki roƙi minti 20 lokacin tara a ofis ko wani ɗaki da za ki rufe, ki kuma roƙi a sa darussanki masu nauyi da sassafe. Ki riƙa koyarwa a tsaye kina zagaya aji, gyaran littattafan yara kuma ki yi shi bayan kin ɗan runtsa. Wani barcin bayan azahar, in da hali wani ɗan kaɗan kafin ki ɗora girkin dare. Lokacin kwanciyar dare da na tashi su zama ɗaya kullum, har ranar da ba aiki, kuma waya ta kwana nesa da matashinki. Tuwo mai nauyi ko fura kofi biyu da rana tsaka, musamman a zafin nan namu na watan Maris zuwa Mayu da ke haura digiri 40, kiran barci ne da babbar murya. Ki ci kaɗan da rana, ki sha ruwa sosai. Shayi ko goro da safe ba laifi, bayan la'asar ki bar su. Ki riƙa ɗan tattaki da yamma, don wannan ciwo kan sa ƙiba ko mutum bai ƙara cin abinci ba.

Sai maganar tsare rai, wadda ba ta jiran ganin likita. Daga yau ki bar hawan kabu-kabu. Ki shiga Keke Napep, ki zauna a tsakiya. Suya da mai, ɗiban ruwa a rijiya, tsayawa bakin gulbi, hawa tsani, duk kada ki yi su ke kaɗai, kuma kada ki yi su kina jin idonki na nauyi. In kina girki ki yi a tsaye ko da wani kusa da ke yana jan ki da hira. Tuƙin mota kuwa sai likita ya ce to.

Na lura da yadda kika ambaci tahiya, na san abin na ci miki rai. Ya tabbata a hadisi cewa an ɗauke alƙalami daga mai barci har ya farka, kuma wanda barci ya ɗauke shi ga barin salla ya sallace ta in ya tashi. Nana A'isha ta ruwaito cewa wanda gyangyaɗi ya kama yana salla ya kwanta har barcin ya sake shi. Akwai ma sahabi Safwan ɗan Mu'aɗɗal, wanda matarsa ta kai ƙararsa cewa ba ya sallar asuba sai rana ta fito. Ya ce su gidansu an san su da nauyin barci, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa in ya farka ya yi salla. Ki yi iya ƙoƙarinki, ki riƙa salla da kin tashi daga gajeren barcinki lokacin da kike garau, sauran ki bar wa Mai rahama. In azumi ya matso ki koma wurin likita a gyara miki lokutan shan magani, don sahur da tsayuwar dare kan birkita tsarin barci.

Yanzu tambayarki ta biyu. Ki faɗa masa, ɗiyata, kuma kafin ɗaurin aure.

Gwaggonki ƙaunarki take yi. Ta ga aure da yawa sun watse a kan jita-jita, tana tsoron a ce ɗiyarsu mai iska ce. Amma aure ba ya mayar da ƙwayoyin da suka tafi, kuma wannan ba ciwon da ke ɓoyuwa ba ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki duba makon biki kaɗai: kwana da kwanaki ba barcin kirki, ga ƙawaye da abokan wasa masu ba da dariya, ga faɗuwar gaba. Duk abin da ke tayar da ciwon ya taru wuri ɗaya. In kika zube gaban dangin miji ba wanda ya san komai, su ne za su raɗa wa abin suna, kuma sunan da za su raɗa farfaɗiya ne ko aljanu, sannan su ƙara da cewa an rufe su. Wanke kanki daga wannan ya fi faɗin gaskiya yau wuya nesa ba kusa ba. Malamanmu na Malikiyya sun lissafa aibubban da ke ba da zaɓin fasa aure, wato hauka, kuturta, albaras da ciwon da ke hana kusantar juna, kuma yawan barci ba ya cikinsu. Don haka ba ki faɗa a matsayin mai laifi da ke neman afuwa ba. Kina faɗa ne don mutumin da zai kwana ɗaki ɗaya da ke shi ne zai taɓa ki ya tashe ki in dannau ya kama ki, shi ne zai tare kanki in kin tafi ƙasa, shi ne zai ce wa mahaifiyarsa barcin azahar ɗin nan umarnin likita ne. Ba zai iya ko ɗaya ba in bai sani ba.

Yadda za ki yi shi ne ki fara ganin likita, don ki je masa da suna da takarda, ba da "wani abu na damuna" ba. Ki fara shawo kan mahaifiyarki ko wani kawunki mai faɗa a ji, ya zama manya sun san za a yi maganar, kada Gwaggo ta ji a bakin waje ta ga kin raina ta. Sannan in ya zo zance ki gaya masa a natse: ga sunan ciwon, ga yadda yake, ga abin da likita ya ce, ga abin da nake buƙata. Ki gayyace shi ya raka ki asibiti tare da muharraminki ya yi tambayoyinsa da bakinsa. Zai tambayi haihuwa, ko bai furta ba tana ransa. Masu nakolefsi na ɗaukar ciki su haihu lafiya, kuma gadonsa kaɗan ne ƙwarai, cikin 'ya'ya 100 na masu ciwon bai fi ɗaya ko biyu ke samunsa ba. Abin kula shi ne magani: modafinil ba a shan sa da ciki, kuma yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa, don haka duk shirin da za ku yi ku yi shi da sanin likita. In Allah ya kawo jariri, wanka da shayarwa a ƙasa kan tabarma, da wani babba a kusa, kuma a sami mai karɓar ki wani ɓangare na dare. Zaman wankan jego a gida zai yi miki rana sosai.

Zai yiwu ya ja da baya. Ba zan yi miki alkawarin abin da ke zuciyar wani ba, kuma in hakan ta faru za ki ji zafi, za a yi surutu a unguwa na ɗan lokaci. Amma ki auna da zaman shekaru a gidan da kike tsoron yin dariya. Masu wannan ciwo da yawa sukan koya wa kansu danne murna, su daina zama cikin mutane, su daina wasa da yara, don kada su zube, har baƙin ciki ya yi musu rumfa. Wannan ya fi barcin kansa cin rai. Ina so ki shiga gidan da in kin yi dariya kin sulale, mijinki zai tallabe ki ya jira minti ɗaya, ku ci gaba da hirarku.

Ga sauran masu karatu da suka ga kansu a wani yanki na wannan wasiƙa: dannau shi kaɗai, jefi-jefi, yana samun mutane da yawa masu lafiya, musamman in barci ya yi ƙaranci ko an kwanta rigingine. Wanda kuma ke minshari mai ƙarfi, numfashinsa na ɗaukewa cikin dare har ya farka a firgice, ya wuni yana gyangyaɗi, nasa daban ne, maƙogwaro ne ke toshewa, yana da alaƙa da hawan jini, kuma yana da magani. In direba ne, matarsa ta matsa masa ya je asibiti tun kafin a ji labari a hanyar Gusau.

Ɗiyata, ki sayi littafin nan yau ki fara rubutu daga daren nan. Ki karanta wa mahaifiyarki wannan amsa, ki roƙe ta ta hana kiran ki da sunan nan a gida. In kin ga likita ki sake rubuto mini abin da ya ce, da yadda kuka yi da Gwaggo.